Wasannin RPG na Japan da aka manta da su

A duniyar wasannin bidiyo, RPG shi ne wasan da mutum ke shiga rigar wani jarumi, ya bi labarinsa daga farko har ƙarshe, yana yawo gari-gari, yana hira da mutane, yana ƙara ƙarfi bayan kowane faɗa. Japan ta yi suna a wannan fanni tun fitowar Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987. Sai dai a bayan waɗannan manyan sunaye akwai wasanni da yawa, galibi na shekarun 1990, waɗanda ko dai ba su taɓa fita daga Japan ba, ko sun fita amma ba su samu kasuwa ba. Mafi yawansu ba rashin kyau ne ya binne su ba. Harshe ne, da lokacin fitowa, da lissafin 'yan kasuwa.

Dalilan ɓacewarsu

Na farko shi ne fassara. RPG wasa ne mai yawan rubutu, kuma rubutun Japananci ba ya cin wuri kamar na Turanci. Kaset ɗin na'urar Super Famicom, wadda aka sayar a Amurka da Turai da sunan Super Nintendo, wurin ajiyarsa kaɗan ne, don haka mai fassara sai ya yanke magana kafin ta shiga. Kamfanoni suna ganin wahalar ta fi ribar. Turai ta fi kowa shan wannan rashi, domin Final Fantasy VII na 1997 ne na farko a jerin da aka sayar a can, Dragon Quest kuwa sai a 2006.

Na biyu shi ne lokaci. Na'urar PlayStation ta fito a Japan a Disamban 1994, hankalin masu saye ya koma kanta, alhali a 1995 da 1996 ne aka yi wasu daga cikin wasannin Super Famicom mafi ƙwarewa. Sun zo kasuwa ana watsewa.

Terranigma

Idan za a ɗauki misali ɗaya, wannan ne. Ƙaramin kamfanin Quintet ne ya yi shi, wanda Tomoyoshi Miyazaki da Masaya Hashimoto suka kafa a 1989 bayan sun bar Nihon Falcom, inda suka yi aiki kan wasan Ys. Kamfanin Enix, mai Dragon Quest, ya fitar da shi a Japan a Oktoban 1995 da sunan Tenchi Sozo, wato halittar sama da ƙasa. Nintendo ya kai shi Turai da Ostireliya a 1996, amma Amurka ba ta gan shi ba, domin reshen Enix na can ya riga ya rufe.

Jarumin, Ark, yaro ne mai rashin ji a ƙauyen Crysta, ƙauye ɗaya tilo a ƙarƙashin ƙasa. Dattijon gari ya hana buɗe wata ƙofa. Ark ya yi ta jifanta da tukwane har ta fashe, ya buɗe akwatin da ke ciki, mutanen gari suka daskare. Don ya gyara ɓarnarsa sai ya hau hasumiyoyi biyar, kowace ya kammala sai nahiya ɗaya ta taso daga teku, har da Afirka. Da ya fito doron ƙasa sai ya tarar da ita ƙeƙasasshiya, babu ciyawa ko tsuntsu. Shi zai dawo da tsirrai, sannan tsuntsaye, sannan dabbobi, a ƙarshe mutane. Daga nan wasan ya sauya kama: mai wasa yana taimaka wa masu ƙirƙira da 'yan kasuwa, ƙauyuka su zama birane a gaban idonsa, wasu mazauna kuma su fara kukan cewa da can sun fi jin daɗi. Wasa na yara a kaset da ke tambayar ko ci gaba alheri ne zalla, ba kasafai ake samunsa ba. Har yau ba a sake fitar da shi a wata na'ura ba.

Wasannin Square da suka tsaya a gida

Live A Live, na 1994, Takashi Tokita ne ya jagorance shi, Yoko Shimomura ta yi kiɗansa. Labarai bakwai ne a zamani bakwai, kowanne da dokarsa. A na zamanin kogo babu kalma ko ɗaya, sai nuni da hotuna. A na ninja mutum na iya kashe mutum ɗari a fada, ko ya ratsa ta bai kashe kowa ba. Na can gaba, a cikin jirgin sararin samaniya, kusan babu faɗa sam. Sai an gama su duka labari na takwas ke buɗewa, bayansa kuma babin ƙarshe ya ɗaure su wuri guda. An sayar da kimanin kwafi 270,000, abin da Square, kamfanin da ya yi shi da Final Fantasy, ya ɗauka faɗuwa ce, kuma sai a 2022 aka sabunta shi aka fitar wa duniya a Nintendo Switch.

Rudra no Hiho, na 1996, ya fi shi wuyar fassara. A cikinsa ba a sayen sihiri, mai wasa ne ke rubuta kalma da haruffan Japananci, wasan ya duba gaɓoɓinta ya mayar da ita wuta ko ruwa ko waraka. Mutum kan tsinci sababbin kalmomi daga bakin abokan gaba ya kwaikwaya. Mayar da wannan tsari zuwa wani harshe kusan sake gina wasan ne, kuma Square bai gwada ba.

Panzer Dragoon Saga da Moon

Panzer Dragoon Saga ya fito a 1998 a na'urar Sega Saturn, kan faifai huɗu, daidai lokacin da kamfanin Sega ke tattara kayansa zuwa sabuwar na'urarsa Dreamcast. Kwafi kaɗan aka buga da Turanci, aka rushe rukunin Team Andromeda da ya yi shi, ba a kuma sake buga shi ba. Shi ya sa faifansa ke tsada a hannun masu tara tsofaffin wasanni.

Moon, na kamfanin Love-de-Lic a 1997, ba'a yake yi wa fannin gaba ɗaya. Yaro ya faɗa cikin wasan da yake bugawa, ya tarar da “jarumin” yana karkashe dabbobin da ba su yi masa komai ba, yana shiga gidajen mutane yana buɗe musu akwatuna. Aikin yaron shi ne ya bi sawunsa yana ceto rayukan dabbobin. Toby Fox, mai wasan Undertale na 2015, ya ambaci Moon cikin abubuwan da suka zaburar da shi. Fassarar Turanci ta hukuma sai a 2020 ta fito.

Fassarar masoya

Abin da kamfanoni suka bari, 'yan sa-kai ne suka ɗauka. Tun ƙarshen shekarun 1990 wasu ke kwafe abin da ke cikin kaset zuwa kwamfuta, su zaƙulo rubutun, su fassara, su raba gyaran kyauta a intanet. Ƙungiyar RPGe ta kammala Final Fantasy V a 1998, Aeon Genesis ta yi Live A Live da Rudra no Hiho, fassarar Mother 3 kuma ta fito a 2008, shekara biyu bayan wasan. Ta fuskar doka aikin yana da tangarɗa, tunda haƙƙin mallaka na kamfanonin ne, amma ta nan ne mutanen waje suka fara sanin waɗannan sunaye. Seiken Densetsu 3 na 1995 ya shekara kusan ashirin ana buga shi da fassarar masoya kafin Square Enix, haɗakar Square da Enix, ya fitar da tasa a 2019 da sunan Trials of Mana. Mother 3 kuwa har yanzu Nintendo bai fassara shi ba.