Waiwaye: Yadda manoman Bordeaux suka koyi gauraya inabi

A kudu maso yammacin Faransa, inda kogin Garonne da na Dordogne suka haɗu suka gangara teku, nan yankin Bordeaux yake. Jar giyar inabin da ake yi a can ta yi suna a duniya, kuma ba daga irin inabi ɗaya ake yin ta ba, gauraye ce. A wurin yawancinmu giya haramun ce, babu ja a kan wannan. Abin da ya ja hankalina shi ne noman, domin labarin manomi ne da ke tsoron asara.

Aure ne ya buɗe kasuwar. A 1152 Eleanor, mai mulkin Aquitaine, ƙasar da Bordeaux ke cikinta, ta auri Henry, wanda ya hau gadon sarautar Ingila bayan shekara biyu. Yankin ya zauna a hannun Ingila har 1453, jiragen ruwa na ta jigilar ganguna zuwa can. A ƙarni na 17 kuma injiniyoyin Holan suka janye ruwan fadamun Médoc, wani ɓangare na yankin, sai ga ƙasa mai tsakuwa ta fito.

Matsalar manomin Bordeaux ita ce teku na kusa, sararin sama ba shi da tabbas. Ruwa na iya saukowa ana dab da girbi, inabi ya ruɓe a jikin kurangarsa. Shi ya sa ba ya dasa iri ɗaya. Merlot na nuna da wuri, yana son ƙasar laka, ruwansa na da laushi a baki. Cabernet Sauvignon kuwa sai ya ɗauki lokaci. 'Ya'yansa ƙanana ne masu kaurin fata, yana son tsakuwar da ke riƙe zafin rana, kuma yana da bauri irin wanda goro ke bari a harshe. Baurin nan ne ke sa giyar ta yi shekaru ba ta lalace ba. In ruwa ya ɓata Cabernet Sauvignon, an riga an kwashe Merlot. Duk wanda ya taɓa shuka gero da dawa a gona ɗaya ya san wannan lissafi. A ganina daga nan gaurayen ya samo asali, ƙwarewar ɗanɗano daga baya ta biyo.

Kowane iri daban ake tsinke shi, daban ake matse shi a bar shi ya tsimu tare da fatarsa, don daga fatar jan launin ke fitowa. Sai a zuba a gangunan katako masu cin lita 225. Bayan wasu watanni mai gona da masanansa su jera kofuna a tebur, su auna kaɗan daga nan, kaɗan daga can, su ɗanɗana su tofar, har a tsayar da kason shekarar. Kason bara ba lallai ya zama na bana ba.

A 1855, bisa umarnin sarkin Faransa Napoleon III, aka jera gonakin daraja-daraja domin baje kolin Paris. Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion suka zo sahun farko. Mouton Rothschild bai shiga ba sai 1973.

Masifu ma sun sa hannu a gaurayen. A shekarun 1870 wani ƙwaro da ya shigo daga Amurka, phylloxera, ya cinye saiwoyin kurangar. Maganin da aka samu shi ne a yi wa inabin Faransa aure da saiwar inabin Amurka. Irin Carménère bai karɓi auren sosai ba, aka yi watsi da shi, sai a 1994 aka gano shi a gonakin Chile, inda aka daɗe ana ɗaukarsa Merlot ne. Sanyin 1956 ya kashe irin Malbec da yawa, manoma suka maye gurbinsa da Merlot. Yau Ajantina ce gidan Malbec.

Yanzu zafi ne damuwar. Merlot, wanda ya fi kowane iri yawa a yankin, yana nuna da gaggawa, sukari ya yi masa yawa. A 2021 INAO, hukumar Faransa mai kula da ƙa'idojin giyar yankuna, ta amince a gwada wasu jajayen iri huɗu: Arinarnoa, Castets, Marselan da Touriga Nacional na ƙasar Fotugal. Sharaɗin shi ne kada su wuce kashi 5 cikin 100 na gona, ko kashi 10 cikin 100 na abin da ke cikin kwalba.