Binciken da ake yi a Maraɗi: ta yaya zai kai kunnen manomi?

Maraɗi ba ta rasa masu bincike ba. Ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da aka kafa a 2010, ga cibiyar binciken aikin gona ta INRAN a Tarna. Damuwata ita ce yawancin abin da suke ganowa ba ya isa ga mutanen da aka yi aikin a gonakinsu.

Me yake hana sakamakon bincike isa ga jama'a?

Na farko harshe. Ana rubuta shi da Faransanci ko Ingilishi, a mujallun da manomin Tasawa ko Gidan Rumji ba zai taɓa gani ba. Na biyu, ƙarin girman malamin jami'a yana bi ta CAMES, hukumar tantance malaman jami'o'in ƙasashen Afirka da dama da ke Wagadugu, kuma abin da ya fi nauyi a can shi ne maƙalun da ya wallafa. Don haka malami yakan fifita rubuta maƙala a kan zama gidan rediyo, ni kuwa ban ga laifinsa ba. Jami'a ce ya kamata ta ɗauki wayar da kan jama'a a matsayin aiki, ta ware masa lokaci da kuɗi.

An taɓa samun binciken da ya shiga ƙauye sosai?

An samu. Buhun PICS na ajiyar wake, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, masu binciken INRAN a Maraɗi kuma suka yi aiki a kansa. Leda biyu ce mai kauri a ciki, sai buhu a waje. Idan aka ɗaure kowace da kyau, ƙwarin da ke cikin waken sukan shanye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu, ba tare da an zuba maganin ƙwari ba.

Yadda aka yaɗa shi daga 2007 shi ne abin koyi. Malaman gona ba su tsaya ga jawabi ba. Sun shiga ƙauyuka, aka zuba waken mutanen garin a buhu gaban kowa, aka ɗaure. Bayan watanni aka sake taruwa aka kwance, kowa ya sa hannu ya ɗebo ya duba da idonsa. Rediyo yana ta sanarwa da Hausa, 'yan kasuwa kuma suna da buhun a rumfa. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi: in ka gamsar da mutum, ya je kasuwa bai samu kayan ba, wahalarka ta tashi a banza.

Wace kafa ce ta fi dacewa?

Rediyo har yanzu, musamman gidajen rediyon karkara, da shiri mai buɗe layi don masu sauraro su kira. Sai saƙon murya na WhatsApp, wanda ba ya buƙatar iya karatu. RECA, haɗakar majalisun manoma na Nijar, ta daɗe tana shirya bayanan noma da Hausa, Studio Kalangou kuma, ɗakin shirya labaran rediyo da ke Yamai, yana watsa shirye-shirye da Hausa ta gidajen rediyo da dama. Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a 2025, uzurin harshe ya ƙara raguwa.

Yaya mai bincike zai shirya kafin ya shiga gidan rediyo?

Ya zaɓi magana ɗaya tak. Ya auna da tiya da buhu da dami, ya faɗi kuɗi da jika, domin da su mai sauraro yake lissafi. Ya faɗi abin da za a yi, da lokacin yinsa, da inda ake samun kayan. Ya kuma kula da lokaci: maganar ajiyar wake ta kaka ce, maganar iri kuwa kafin saukar damina. Idan aikin na mata ne, kamar sarrafa gyaɗa ko abincin yara, a sa shirin lokacin da mata ke da sukunin sauraro, kuma zai fi kyau mace mai bincike ta yi bayanin.

Ba a tsoron ɗan jarida ya ƙara gishiri?

Tsoron yana da tushe. Gwajin damina ɗaya a gonar cibiya bai isa a ce an samo maganin yunwa ba, kuma irin da ya yi kyau a Madarumfa zai iya kasawa a Dakoro inda ruwan sama bai kai na kudu ba. Mai bincike ya faɗi iyakar abin da ya gano da bakinsa: a ina aka gwada, damina nawa, me ya rage. Ɗan jarida kuma ya tambayi wanda ya biya kuɗin binciken, ya nemi ra'ayin wani masani na daban. Manomin da ya sayar da akuyarsa ya sayi irin da aka zuzuta, ya yi asara, da wuya ya sake sauraron malamin gona.

To manoma fa, nasu sauraro ne kawai?

A'a. Dubi sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara ƙarfafa shi a yankin Maraɗi a 1983, amma manoma ne suka yaɗa shi daga gona zuwa gona, ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa. Sai daga baya masu bincike suka duba hotunan tauraron ɗan Adam, suka ƙiyasta cewa kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar.

Shi ya sa nake ganin ɗalibin da ya cika takardun tambayoyi a ƙauye bashi ne a kansa. Kafin ya gabatar da kundin bincikensa a gaban malamai, ko jim kaɗan bayan haka, ya koma ƙofar mai gari, a tara mutanen da suka ba shi lokacinsu, maza da mata, ya gaya musu da Hausa abin da ya gano, ya kuma rubuta gyaran da za su yi masa.