Shingen Shuka a Jos: Tambayoyi da Amsoshi Kafin a Dasa

Wace shuka ce ta fi dacewa da shinge?

Ya danganta da abin da kake son shingen ya tare maka. In awaki ne ke yi maka ɓarna a lambu, nemi abin da ba sa ci: ƙyarana, aguwa ko bini-da-zugu. Wanda ya zaga ƙauyukan gefen Jos ya ga ƙyarana a jere tana raba gona da gona, ga ƙaya, dabba ba ta ratsa ta. In kuwa ado kake so a farfajiya, duranta mai ganye ruwan ɗorawa ta fi saurin rufewa. Lalle ma yana yin shinge mai kyau, ga ƙamshin fure, ga ganye ga matan gida, sai dai shi mai son zafi ne. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, don haka sanyi na rage masa saurin girma.

Zogale fa?

A shuka shi don miya. Gindinsa a buɗe yake, kuma awaki na son ganyensa.

Akwai haɗari ga yara?

Akwai, kuma kada a raina shi. Farin ruwan ƙyarana yana ƙona fata, in ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti. Ƙwayar bini-da-zugu tana kama da gyaɗa, yaro ya ci sai amai da gudawa. 'Ya'yan duranta ma ba na ci ba ne. Gidan da ke da ƙananan yara, lalle ya fi kwanciyar hankali.

Yaushe ake dasawa, kuma yaya?

Duranta da lalle sai damina ta zauna, wajen watan Mayu. Ƙyarana da aguwa akasin haka ne: a sari reshe, a ajiye a inuwa 'yan kwanaki har bakin saran ya bushe, a kafa a ƙarshen bazara. Wanda ya kafa su a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruɓewa za su yi.

A haƙa dogon rami mai zurfin santimita 40, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin shanu, bokiti guda a kowace mita. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Tazarar duranta santimita 30 ce, wato tsiro 33 ko 34 a mita 10. A bar rabin mita tsakaninta da katanga.

Me ya sa shingena ya cika a sama, ƙasa kuwa sai sanduna har kaji na wucewa?

Laifin aski ne. Mutane na jin tausayin yanke tsiro yana ƙarami, sai su bar shi ya miƙe. A datse kansa tun yana kai gwiwa, hakan ke sa shi fitar da rassa daga gindi. Sannan a riƙa aske shi gindi ya fi sama faɗi. In sama ta fi faɗi, sai ta yi wa ƙasa inuwa, ganyen ƙasa ya zube. Duranta da ta riga ta zama haka, a sare ta zuwa santimita 30 a farkon damina, a zuba taki, za ta sake tofowa.

Da hunturu sai an yi ban ruwa?

A shekarar farko, duranta da lalle na buƙatar ruwa sosai sau biyu a mako, ruwan da zai ratsa har saiwa. Ƙyarana da aguwa a ƙyale su. A riƙa duba gindi saboda gara, musamman in an rufe shi da busasshiyar ciyawa.