IRQ da ramukan kati a madabod: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Mene ne IRQ?

Layin da na'ura ke bi ta taɓa furosesa, ta ce dakata, ina da saƙo. Shi ke nan.

Guda nawa ne?

A tsohon tsari 16 ne, daga 0 zuwa 15, amma na 2 ya tafi wajen haɗa masu kula da kiran guda biyu, wato cif ɗin da ake kira 8259. Agogo ya kama 0, kibod 1, linzamin PS/2 12, faifan IDE 14 da 15. Abin da ya rage wa katuna bai taka kara ya karya ba.

Na ga katuna biyu a kan IRQ ɗaya. Kwamfutata ta lalace?

Kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau. ISA, tsohon nau'in ramin kati, shi ne ba ya jure tarayya, don kiransa ƙwanƙwasa ƙofa ne sau ɗaya: biyu suka buga tare, na ɗaya ya ɓace. Katin PCI kuwa, nau'in da ya zo bayan ISA, riƙe layin yake yi har sai an saurare shi.

To me ya sa katin sautina ke kakarewa duk lokacin da katin intanet ya ɗau aiki? Na canza lambar IRQ a BIOS, wato saitin madabod, ba ta canza zani ba.

Da ma ba za ta canza ba. Kowane ramin PCI yana da fil huɗu na kira, INTA zuwa INTD, kuma yawancin katuna INTA kaɗai suke amfani da shi. Madabod ɗin kuma wayoyi huɗu gare shi, wasu da suka fito daga baya takwas. Sai aka karkata haɗin: INTA na rami na farko ya hau waya ta farko, na rami na biyu ya hau ta biyu, haka dai. Rami na biyar fa? Ya koma kan wayar da wani ke kai. Sau da yawa AGP ma, tsohon ramin katin hoto, da ramin da ke maƙwabtaka da shi waya ɗaya suke, ga USB da sautin cikin allo su ma a nan suke raɓe. Lambar BIOS ta waya ce, ba ta kati ba. Ka canza ta, dukansu biyu su ƙaura tare.

Saboda haka buɗe littafin madabod, wanda na san ka jefar, ka nemo jadawalin da ke nuna wane rami ke tarayya da wane. Kashe kwamfuta, zare wayar wuta, ka mai da katin sautin ramin da ba shi da abokin zama. Galibi yana warkewa. Galibi na ce. Idan kira ya zo a layin tarayya, ana tambayar direbobin, wato manhajojin da ke sarrafa katunan, ɗaya bayan ɗaya, naka ne? Direba mai nawa sai ya ɓata wa kowa lokaci, don haka sabunta direbobi tukuna. Wani lokacin ma ba IRQ ba ne, wani katin ne ke mamaye hanyar PCI ɗin. Gwada abu ɗaya, ka saurara, sannan na gaba. Kada ka sauya biyar a tashi ɗaya ka dawo kana tambayata wanne ya yi aiki.

A ina zan ga rabon?

Windows: buɗe manhajar msinfo32. Linux: duba fayil ɗin /proc/interrupts.

Nawa PCI Express ne, kuma na ga IRQ mai alamar ɗebewa a gaba.

MSI ke nan, wato kira ta hanyar saƙo. Babu fil na kira a PCI Express, saƙo katin ke aikawa, MSI-X ma, sabon nau'in MSI, har kira 2048 yake iya ba kati ɗaya. Mai da murfin, ka bar katunanka inda suke.