Wa ke da ikon naɗa mai gabatar da ƙara na musamman a shari'ar 'yan siyasa?

Da zarar an fara binciken wani babba da ya taɓa riƙe muƙami, sai ka ji a majalisun hira na Sakkwato da shirye-shiryen rediyo ana cewa a ɗauko lauya daga waje, wanda ba ɗan jam'iyyar kowa ba, a miƙa masa shari'ar. Kira ne mai kyau, domin mutane sun gaji da ganin ana gurfanar da na adawa ana kau da kai ga na gida. Sai dai kafin a yi wannan kira, ya kamata a san hannun wa doka ta damƙa wa ikon.

Tushen maganar yana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 174 ya ba Antoni-Janar na Tarayya iko uku: ya shigar da ƙarar laifi a kan kowa a kowace kotu ban da kotun soja, ya karɓe ƙarar da wani ya shigar ya ci gaba da ita, kuma ya janye ta a kowane mataki kafin alƙali ya yanke hukunci. Sashe na 211 ya ba Antoni-Janar na jiha irin wannan iko a kan laifukan da dokokin jiha suka tanada. Wato a nan Sakkwato, idan laifin yana ƙarƙashin dokar jiha ne, maganar tana hannun Kwamishinan Shari'a, wanda shi ne Antoni-Janar. Gwamna ne ke zaɓarsa, majalisar dokoki ta tabbatar da shi, kuma gwamnan na iya sauke shi duk ranar da ya ga dama.

To ta ina lauyan waje ke shigowa? Ta takardar izini, wadda lauyoyi ke kira fiyat. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, a sashe na 106, ta lissafa waɗanda za su iya gabatar da ƙara: Antoni-Janar da lauyoyin ma'aikatarsa, lauyan da ya ba izini, sai wanda wata dokar Majalisar Tarayya ta ba wannan dama, kamar lauyoyin hukumomin yaƙi da cin hanci, EFCC da ICPC. Saboda haka babban lauyan da aka ɗauko daga Legas ko Abuja don ya jagoranci shari'ar wani ɗan siyasa, komai sunansa, da rigar aro yake aiki. Wanda ya ba shi izinin na iya karɓewa, ko ma ya janye shari'ar gaba ɗaya.

Wannan ikon janyewa shi ne ya fi damuna. Kundin ya ce Antoni-Janar ya riƙa la'akari da maslahar jama'a da adalci da hana wasa da kotu. Amma a shari'ar Ilori ta 1983, Kotun Ƙoli ta yanke cewa idan ya janye ƙara, kotu ba za ta titsiye shi ya faɗi dalili ba. Abin da zai iya taka masa birki shi ne sukar jama'a, ko wanda ya naɗa shi ya sauke shi. A shari'ar ɓarawon babur wannan ba ya tayar da ƙura. Amma idan wanda ake tuhuma abokin tafiyar siyasar gwamna ne, ko kuwa babban abokin hamayyarsa, to mutum ɗaya ake nema ya zama ɗan majalisar zartarwa da safe, da yamma kuma ya zama mai riƙe da ma'aunin adalci. Ko mutumin kirki ne, an ɗora masa abin da ke da wuyar ɗauka.

Akwai wani tanadi da mutane da yawa ba su sani ba. Sashe na 52 na dokar ICPC ta 2000 ya ce idan aka zargi shugaban ƙasa ko mataimakinsa, ko gwamna ko mataimakinsa, da cin hanci, Alƙalin Alƙalan Najeriya na iya ba wani lauya mai zaman kansa izinin bincike, muddin an kawo buƙatar da takardar rantsuwa da ta gamsar da shi. Dole lauyan ya kai shekara 15 yana aiki. Sai dai aikinsa bincike ne kawai. Rahotonsa Majalisar Tarayya yake kai wa idan zargin na shugaban ƙasa ne, ko majalisar jiha idan na gwamna ne, domin sashe na 308 na kundin tsarin mulki ya lulluɓe waɗannan mutum huɗu da rigar kariya muddin suna kan mulki. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Gani Fawehinmi ta 2002 cewa kariyar ba ta hana bincike, gurfanarwa ce kawai take jinkirtawa.

Haka nan, bincike daban, gurfanarwa daban. Kwamitin da Okoi Obono-Obla ya jagoranta don ƙwato dukiyar gwamnati ya kai mutane kotu, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a 2018 dokar da aka kafa shi da ita ba ta ba shi ikon gurfanar da kowa ba, kuma Shugaba Buhari ya rushe shi a 2019. Jim Obazee da Shugaba Tinubu ya naɗa a 2023 don binciken Babban Bankin Najeriya rahoto ya miƙa, hukumomin da doka ta sani ne suka je kotu. Hukumar binciken shari'a da gwamna ke kafawa ita ma shawara take bayarwa, ba ta ɗaure kowa.

Wasu ƙasashen ma suna fama da wannan. A Amurka, Antoni-Janar Merrick Garland ya naɗa Jack Smith a 2022 don binciken Donald Trump, sai wata alƙaliya a Florida ta kori ɗaya daga cikin ƙararrakin a 2024, tana cewa babu dokar majalisa da ta halasta naɗin. Ghana ta yi dokar kafa ofishin mai gabatar da ƙara na musamman a 2017, amma Martin Amidu, wanda ya fara riƙe shi, ya ajiye aiki a 2020 yana kukan ana yi masa katsalandan.

A ganina, gyaran gaskiya shi ne a raba muƙamin Antoni-Janar da na Ministan Shari'a, a jiha kuma da na Kwamishina, a ba shi wa'adin da ba za a sauke shi ba sai da amincewar majalisa. Majalisar Tarayya ta saka wannan cikin gyaran kundin da Shugaba Jonathan ya ƙi sa wa hannu a 2015. Gyaran kundi kuwa sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, kuma ta Sakkwato na cikin masu ƙuri'a, don haka 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya ne ya kamata mu tambaya ina suka tsaya a kan wannan batu.