Konga da bongo: a Kuba aka haife su

An daɗe ana cewa gangunan konga da bongo daga Afirka aka ɗauko su yadda suke. Akwai ƙamshin gaskiya, domin jikokin bayin da aka kai Kuba ne suka ƙirƙiro su. Amma a can suka samu wannan siffa. Bongo ya ɓulla a gabashin Kuba a ƙarshen ƙarni na 19.

In tsohuwar konga ta shigo hannunka, leƙa cikinta. Yawanci falankai ne aka jera aka haɗe, ba kututture guda aka fafe ba irin na kalangu. Na farko-farko da ƙusoshi ake kafe fatar, sai an gasa ta a bakin wuta take ɗamewa. Ƙarafan ɗaurewa daga baya suka zo.

Don Allah a tura wa masu sha'awar kiɗa.