Herred ba ƙauye ba ne: labarin Aker a Norway

Kalmar herred na ta fitowa a rubuce-rubucen tarihin Norway da ake juyawa zuwa Hausa a intanet, kuma kusan kullum sai a fassara ta da "ƙauye". Wannan fassarar tana ci mini tuwo a ƙwarya. A tsohon tsarin Norway, herred ƙaramar hukuma ce da ba ta da matsayin birni a doka, shi ke nan. Girma ko yawan jama'a ba su shigo ciki ba. Dokar 1837 ce ta kafa tsarin, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1838.

A ɗauki Aker. Herred ce da ta zagaye Oslo ta kan tudu, amma lokacin da aka haɗe ta da babban birnin ranar 1 ga Janairu 1948 tana da mutane sama da 130,000. Wane ƙauye ne haka? Oslo kafin haɗewar ba ta wuce murabba'in kilomita 17 ba, bayanta ta haura 450. A takarda birni ne ya haɗiye karkara, a ƙasa kuwa ɗan ƙaramin ne ya shige cikin babban.

Sunan ma daga gona ya fito. A tsohon harshen Norway, akr na nufin gonar da ake nomawa. Wata tsohuwar gona ce ake kira haka, aka gina coci a kanta a ƙarni na 12, wadda har yau tana nan kuma ita ce ginin da ya fi daɗewa a Oslo. Cocin ta ari sunan gonar, gundumar ta ari na cocin. Sunan bai tsaya nan ba. Ganuwar Akershus da aka fara ginawa wajen 1299 zamanin Sarki Haakon na Biyar, "gidan Aker" ke nan. Kogin Akerselva, unguwar Aker Brygge a bakin ruwa, har da babban kamfanin masana'antu na Norway mai suna Aker, duk jikokin gona guda ne.

Ni dai ban yarda haɗe ƙananan hukumomi kullum ci gaba ba ne. Norway ɗin ma a 2020 ta narkar da lardin Akershus cikin wani sabon lardi mai suna Viken, jama'a suka yi ta ƙorafi, a 2024 aka dawo da shi. Aker dai ba a dawo da ita ba.